Layukan da Malam Tukur Ya Bari a Cikin Shuɗi

Ina tsaye a bakin shagonmu na Ogba da makulli a hannu, ban ko buɗe ba, sai ga Alhaji Sabo mai goro, maƙwabcin ogana Malam Tukur, ya sauko daga okada, wato babur ɗin haya. Ban taɓa ganin Alhaji Sabo a kan okada ba. Mutum ne da ya gwammace ya tako da ƙafa tun daga Agege da ya hau abin da yake kira ajalin haya. Daga ganinsa na san ba lafiya ba. Bai tsaya gaisuwa ba, ya ce, "Ma'u, sai haƙuri. Malam ya cika da asuba." Na yi salati, na ce daga Allah muke kuma gare Shi za mu koma, na zauna a kan matakala. Tun hawaye bai zo ba, abu na biyu da ya faɗo mini a rai shi ne fom ɗin magani na asibitin Idi-Araba. Wanda ya karanta wannan har ƙarshe zai san dalili.

Malam Tukur haifaffen Agege ne, ɗan fataken goro. Ya yi karatun kwamfuta tun lokacin da mutanen unguwa ke zaton wani irin talabijin ce, ya yi aiki a wani banki, sannan da sojoji suka koma bariki ya ajiye aikin ya kama ɗaki ɗaya a saman bene a Ogba. Aikinsa shi ne rubuta manhaja wa ƙananan wurare: makarantar unguwa, kantin magani, asibitin da bai wuce gado kaɗan ba. Ni kuwa a wani shagon buga takardu ya same ni, ina yi wa mutane taifin wasiƙu. Ya tsaya yana kallon yatsuna, ya ce, "Hannun nan ya gaji da kwafar maganar mutane. Ki zo in koya miki yadda ake ba inji umarni." Mahaifiyata ta ƙi, sai da shi da matarsa Anti Larai suka zo gidanmu takanas suka zauna da ita.

Ba mai yawan yabo ba ne. Idan aiki ya yi kyau sai ya ce, "Ba laifi," ya ɓare goro ya miƙo mini rabi, alhali ya sani sarai ba na ci. Idan aiki bai yi ba, ba ya faɗa, sai dai ya jawo kujera ya zauna kusa da kai, kuma zaman nan ya fi faɗa ciwo. Duk wanda ya yi wa aiki, yakan ba shi komai a disket, wato faifan kwamfuta, har da ainihin rubutun umarnin da mu a sana'a muke ce wa kod. Abokan sana'arsa na Ikeja suna yi masa dariya, suna cewa yana sayar da kaza har da ƙwanta. Shi kuwa cewa yake, "Idan na mutu gobe, kada aikin mutane ya bi ni kabari." A lokacin nakan ce, "Haba Oga, wace irin magana ce wannan da sassafe?"

Kayan aikin da muke gina manhaja da shi yana da wata ɗabi'a. Idan kana son fom, wato shafin da ma'aikaci zai gani a allo ya cika, ba ka rubuta shi da hannu. Da linzami kake zana shi: ka jawo akwatin suna ka ajiye nan, ka jawo maɓalli ka ajiye can. Kana zanawa, injin yana rubuta kod ɗin zanen da kansa, ya shafa wa wurin launin shuɗi. Wannan shuɗin a kulle yake. Ko ka kai alama ciki ka danna harafi, ba abin da zai shiga. Naka rubutun yana da nasa wurin a farin fili, kuma akwai ƙananan tagogi da injin ya tanada don ka haɗa naka da nasa.

Kowane sabon ɗan koyo sai shuɗin nan ya ba shi haushi, kuma kowa sai ya gano dabarar: ka rufe kayan aikin, ka buɗe fayil ɗin a manhajar rubutu ta gama-gari wadda ba ta san shuɗi ba, ka gyara abin da ka ga dama. Hana yin wannan dabarar ita ce doka ɗaya da Malam Tukur ba ya wasa da ita. A makona na farko ya sa ni na yi dabarar da hannuna a gabansa. Gyaran ya yi aiki, na yi murmushi. Sai ya ce in buɗe fom ɗin in matsa maɓalli ɗaya gefe kaɗan, in adana. Na yi. Ya ce in nemo gyarana. Babu shi, babu alamarsa, kuma injin bai ce uffan ba. Ya ce, "Abin da inji ya rubuta, inji zai sake rubutawa, kuma ba zai nemi izininki ba. Ki bi ta ƙofa." Wata rana kuma ya ce mini, "Kuskuren da ke ihu ba ya ba ni tsoro. Wanda ke lalacewa ya yi shiru, shi ke hana ni barci."

Yana da wata al'ada da nake gani ɓata lokaci ce. Kafin mu kai wa kowa gyara, sai ya buga tsohon kod da sabo a takarda. Ɗaya ya riƙe sabo yana karantawa a bayyane, ɗaya ya riƙe tsoho yana bi da yatsa, kamar yadda ake sauraren hadda. Ko an ɗauke wuta ba mu da uzuri, don takarda ba ta buƙatar janareta. Masu gyaran agogo na ƙasan bene sukan tsokane mu, su ce malaman sama sun fara wazifa.

Cikin waɗanda muke yi wa aiki akwai wani ƙaramin asibiti a Idi-Araba, na wata tsohuwar nas Bayarbiya da kowa ke kira Matiron. Mutanenmu sun fi kowa zuwa wurinta: 'yan dako, masu tireda, masu gadi. Wata ranar Talata Malam ya je can duba firinta, sai aka shigo da wani maigadi ɗan Nijar, Malam Hamidu, wanda ke gadin wani kantin atamfa a Jankara. Ciwo ne a ƙafarsa ya ruɓe. Bai jin Turanci, bai jin Yarbanci, nas ɗin da ke aiki kuwa sabuwa ce, ba ta jin Hausa. Tana haɗa allura yana ta ɗaga hannu yana cewa, "Madam, pikir ɗin nan ba ta karɓata, wallahi ba ta karɓata." Ita ta ɗauka tsoron allura yake, har tana yi masa dariya. Malam Tukur ya jiyo daga ɗakin da yake, ya taso da gudu ya fassara. Da aka duba bayanan mutumin a kwamfuta, ashe an rubuta tun zuwansa na farko cewa irin wannan maganin ya taɓa kumbura masa maƙogwaro har ya kusa tafiya. Bayanin yana nan, amma a wani shafi da ba wanda ke buɗewa idan layi ya yi tsawo.

Malam bai bar asibitin ba ranar sai da ya sa manhajar ta riƙa fito da jan gargaɗi da zarar an zaɓi maganin da jikin majiyyaci ba ya karɓa. Da ya dawo shago bai ce mini komai ba sai, "An yi gyara a Idi-Araba." Sauran labarin daga baya na ji shi a bakin Matiron. Na lura yana dafe ƙirji, na tambaya, ya ce danfo ce, motar haya, ta jijjiga shi. A makon nan aka kwantar da shi.

Na je duba shi sau da yawa, amma sau ɗaya ya yi maganar aiki. Anti Larai ta fita alwala, sai ya yafito ni. Muryarsa ta yi ƙasa sosai. Ya ce, "Ma'u, fom ɗin magani. Na shiga shuɗi." Na ɗauka zafin ciwo ne. Ya ce, "Kayan aikinmu ba ya kan kwamfutarsu, kuma ban iya barin wurin haka ba. Na ce idan na dawo zan bi ta ƙofa. Kada kowa ya buɗe fom ɗin nan kafin a gyara." Na ce, "Oga, kai za ka gyara da hannunka in sha Allahu." Ya dube ni irin kallon da yake yi mini idan na kawo aiki rabi, ya ce, "Kin ji dai."

An yi jana'izarsa a Agege bayan azahar. Ban taɓa ganin irin wannan haɗuwar ba: fataken goro, malaman makaranta, Yarbawa masu kantin magani, har da masu gyaran agogon da ke tsokanar mu. Mu mata muna cikin gida tare da Anti Larai. Matiron ta zo ta durƙusa gabanta tana ta cewa "pele, pele", wato sannu da Yarbanci, tana kuka da gaske. Ni kuwa duk lokacin da na dube ta sai in tuna fom ɗin magani, don na san disket ɗin da ke ɗauke da kod ɗin yana cikin durowarta.

Bayan sadakar bakwai ta aiko a kira ni. Wayar hannu ta shigo gari, ita ma ta saya, kuma tana son a ƙara akwati ɗaya a fom ɗin magani don lambar wayar majiyyaci ko ta ubangidansa. Cikin Yarbanci muka yi maganar. Na ce ta ba ni lokaci. Ta ce, "Akwati ɗaya fa, 'yata. Akwai wani yaron Ikeja da ya ce kafin in gama cin abinci ya gama. Har ya ce in ba shi disket ɗin." Na yi mata bayani iyakar iyawata: duk wanda ya buɗe fom ɗin ya adana, injin zai goge abin da Malam ya sa, manhajar za ta ci gaba da aiki lafiya lau, sai dai jan gargaɗin ba zai sake fitowa ba, kuma ba wanda zai sani sai ranar da aka yi wa wani allura. Ban san ko ta gane ba, ko kuwa tausayina ta ji. Ta ce, "Zuwa ƙarshen mako. In ba ki iya ba, ki faɗa mini, ba abin kunya ba ne."

A hanyar fita Matiron ta nuna mini Malam Hamidu a kan benci, ya zo wankin ciwo. Na gaishe shi na ce daga shagon kwamfuta nake, sai ya tambaye ni ina mutumin kwamfuta da ya yi masa magana ranar nan. Na faɗa masa. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce, "Ko sunanshi ban sani ba." Na bar shi a layi, sabuwar nas ɗin nan ce kuma ke aiki.

Na karɓo disket ɗin Matiron da kwafin bayanan majiyyata, na koma shago ni kaɗai, kujerarsa tana nan inda ya bar ta. Na kwafi komai a disket biyu kafin in taɓa wani abu. Na buɗe fayil ɗin, na shiga cikin shuɗin ina dubawa, na ga layukansa kusa da sama. Ba su da wuyar ganewa, don inji ba ya rubutu irin nasa. Na kwashe ma'anarsu na rubuta a farin fili, na haɗa ta tagar da aka tanada, yadda ya koya mini. Sannan na buɗe fom ɗin, na jawo akwatin lambar waya na ajiye. Na daɗe yatsana yana kan linzami kafin in adana. Da na danna, layukansa suka ɓace, kamar dai yadda nawa suka ɓace a makona na farko.

Na tayar da manhajar, na kira sunan Malam Hamidu, na zaɓi maganin nan. Shiru. Fom ya karɓa, ya nuna adadin da za a ba shi, tsaf, ba ja ba gargaɗi. Na sake, shiru. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda allon ya yi kyau, har da sabon akwatin waya yana zaune daram. Da yaron Ikeja ne, da nan zai karɓi godiya ya tafi. Na sa kwamfuta ta kwatanta tsoho da sabo, sai ta nuna kusan kowane layi ya sauya wuri, don injin ya sake jera nasa rubutun yadda ya ga dama. Na bi da ido har idanuna suka yi ja, ban ga abin da ya ɓace ba. Kwana biyu ina wannan, abinci ba ya shiga, ina sallah ina ganin benci da mutum riƙe da hula.

Ranar Alhamis na buga tsoho da sabo a takarda, na tsaya da su a hannu a tsakiyar shago, sai na tuna ba mai riƙe ɗayan. Na sa su a jaka na shiga danfo zuwa Agege.

Anti Larai tana takaba, tana zaune a kan tabarma a ɗakinta. Malamar firamare ce, ba ta san kod ba, amma ta san harafi. Na ji nauyin abin da na zo da shi, na fara kame-kame. Ta ce, "Ma'u, ba gaisuwa ce ta kawo ki ba, fuskarki ta nuna. Mene ne?" Na faɗa mata duka. Ta miƙo hannu ta ce, "Wazifar taku ce? Malam yakan ba ni labari. Kawo, ni ma zaman ya ishe ni." Na ba ta tsohon, na ce duk layin da na karanta ta nemo shi ta sa masa ɗigo da fensir, abin da ya rage ba ɗigo shi muke nema.

Muka fara bayan azahar. Ina karantawa, tana nema, wani lokaci ta ce in maimaita, wani lokaci ta yi dariyar yadda kalmomin suke, ta ce dama wannan yaren yake yi mata a cikin barci. Aka kira la'asar muka tashi, muka dawo. Da na kai ƙarshen tawa takardar na ce shi ke nan. Yatsanta yana can ƙasan shafi na ƙarshe, a tsakiyar layukan da ke faɗin tsawo da faɗin akwatuna, wurin da idona ya yi ta tsallakewa don na ɗauka duk na inji ne. Ta ce, "Nan akwai biyu da ba ki karanta ba. Ɗayan ma da Hausa ne."

Na farkon shi ne abin da nake nema: layin da ke miƙa wa gargaɗin lambar majiyyacin da ke kan allo. Ba tare da shi ba, gargaɗin yana dubawa amma bai san wa yake dubawa ba. Na biyun ba umarni ba ne, irin bayanin nan ne da mai rubutu ke bar wa wanda zai zo bayansa, inji ba ya karanta shi. Anti Larai ce ta karanta a bayyane, a hankali, kamar tana koya wa 'yan aji: "Na shigo ba ta ƙofa ba. Ƙirjina ya matsa mini yau. In ban samu dawowa ba, Ma'u ta gyara, ta iya."

Ta ajiye fensir ɗin. Ta ce, "Ashe ya sani. Ni ya ce mini danfo ce." Na ce ni ma haka ya ce mini. Muka yi kuka mu biyu a kan takardun har tawada ta jiƙe. Shekarun da na yi a gabansa ban taɓa jin abin da ya wuce "ba laifi" daga bakinsa ba. Sai ga shi ya rubuta a wurin da ya fi kowa sanin za a goge.

Washegari na mayar da layin ta ƙofa, na kai Idi-Araba. Na sa Matiron ta zauna da kanta, ta kira sunan Malam Hamidu, ta zaɓi maganin. Jan gargaɗin ya fito ya rufe rabin fom. Ta gwada da wata mata mai ciki, ya fito. Ta gwada da wanda ba shi da matsala, bai fito ba. Ta matsa akwatin wayarta ta ga yana aiki, ta ce, "Kin gani? Akwati ɗaya." Ban yi mata musu ba.

Tun daga ranar nake bin sauran ayyukansa ɗaya bayan ɗaya, makarantu da kantuna, ina karanta shuɗin kowane fom, Anti Larai tana riƙe mini ɗayar takardar. Har yanzu ba mu gama ba. Amma zuwa yau ba mu samu wani wuri ba. Ga dukkan alamu sau ɗaya Malam Tukur ya karya dokarsa a rayuwarsa ta aiki, kuma ya karya ta ne don wani baƙo da ko sunan Malam ɗin bai sani ba. Layukan nasa ba sa cikin manhajar yanzu. Takardar tana wurin matarsa, ta ce tata ce, ban kuma yi gardama ba.

Ya Allah, ga bawanKa Tukur ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Duk ran da jan gargaɗin nan ya tsayar da hannun wata nas, Ka rubuta masa ladan a ma'auninsa. Ka ba Anti Larai da 'ya'yansa haƙuri da dangana, Ka zama gatansu a garin nan da ba ya jiran kowa. Ka ba Malam Hamidu da ire-irensa lafiya, waɗanda ke ciwo a inda ba a jin harshensu. Ni kuma da aka bar wa makullin shago, Ka tsare hannuna daga kuskuren da ke yin shiru. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.